BABI NA TARA: HAUSA DA BAYANIN KIMIYYA: SAUYE-SAUYEN TANTANIN MAHAIFAR KARYA A ZAGAYEN HAIHUWARTA

9.0 Gabatarwa

Babin da ya gabata ya yi bayani a kan hanyoyin da harshe yake bi wajen samar wa kansa sababbin kalmomi, wato aro da ƙirƙira da faɗaɗa ma'ana da kuma fassarar bayani. Wannan babi kuwa zai gwada waɗannan hanyoyi a aikace, ta hanyar ɗaukar batu guda daga ilimin likitancin dabbobi, a bayyana shi da Hausa tun daga farko har ƙarshe, sannan a dawo a yi nazarin kalmomin da aka yi amfani da su. Batun da aka zaɓa shi ne sauye-sauyen da ke aukuwa ga ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe cikin mahaifar karya, daga lokacin barbara zuwa wani lokacin barbarar.

Aikin samar wa Hausa kalmomin fannu ba yau aka fara shi ba. Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta yi nata ƙoƙarin, haka kuma littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya share wa ɗaliban harshe da adabi hawaye. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ita ma ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a muhallinsa. Duk da haka, malamin da ya shiga aji yakan ci karo da batutuwan da babu wani ƙamus da ya tanadar masa kalmominsu. A irin wannan hali dole ya san yadda zai fitar da kansa.

9.1 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

(a) bayyana zanguna huɗu na zagayen haihuwar karya da abin da ke faruwa a tantanin mahaifa a kowanne;
(b) bambance jinin da karya take zubarwa da jinin haila;
(c) nuna hanyar da aka bi wajen samar da kowace kalmar fannu da ke cikin matanin;
(d) rubuta gajeren bayanin kimiyya da Hausa ba tare da kauce wa ladabin harshe ba.

9.2 Dalilin Zaɓen Wannan Batu

Garin Sheme yana cikin ƙaramar hukumar Faskari a kudancin Jihar Katsina, a kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, kuma daga nan ne hanya take ratsewa zuwa Ƙanƙara. A wannan yanki, har zuwa ƙasar Sabuwa, noma da kiwo su ne ƙashin bayan rayuwa, farauta kuma tsohuwar sana'a ce. Mafarauci yana ajiye kare don bin sawun nama, makiyayi da manomi kuma suna ajiye shi don gadin garke da gida. Duk wanda ya mallaki karya mai hanci da gudu yana son ya sami irinta, domin kuwa karen bana shi ke maganin zomon bana.

Malamin da aka tura koyarwa a irin wannan wuri, 'ya'yan waɗannan mutane zai tarar a aji, kuma sau da yawa shi ake kawo wa takardar magani ko ta faɗakarwa a ce ya fassara. Idan ya zaɓi kalmar da ba ta dace ba, kuskuren ba a kan allo zai tsaya ba, zai bi yaro har gida. Kamar yadda za a gani a gaba, kalma guda tak tana iya sa mai karya ya yi asarar haihuwar rabin shekara, ko ma ya yi asarar dabbar ɗungurungum.

Akwai kuma dalili na tarihi. A jikin karya ne masanin nan Karl Ernst von Baer ya fara gano ƙwan dabba mai shayarwa, ya kuma wallafa sakamakonsa a 1827. Ke nan karya tana da gurbi na musamman a ilimin haihuwa baki ɗaya.

9.3 Matanin Nazari

9.3.1 Ƙirar Mahaifa

Mahaifar karya tana da gajeren jiki da dogayen rassa biyu masu kama da ƙaho, kowane reshe ya nufi ma'ajiyar ƙwai ta ɓangarensa. A cikin rassan nan ne 'yan kwikwiyo suke jeruwa idan ciki ya shiga. Bangon mahaifar hawa uku ne: siririyar fata daga waje, tsoka a tsakiya, sai tantani daga ciki. Wannan tantani shi ne abin nazari a nan.

Idan aka yanki ɗan ƙanƙanin tantanin aka duba shi da madubin likita, za a ga abubuwa uku. Na farko, jerin ƙwayoyin halitta sahu guda da suka shimfiɗe fuskar tantanin kamar daɓe. Su ne ƙwayoyin shimfiɗa. Na biyu, wasu 'yan ramuka masu kama da rijiyoyi da suka nutsa daga fuskar zuwa can ƙasa, waɗanda ke tsattsafo da ruwa. Su ne matsattsafai. Na uku, naman da ya cike tsakaninsu, wanda ƙananan jijiyoyin jini suka ratsa.

Waɗannan sassa ba sa sauyawa da ra'ayin kansu. Umarni suke karɓa daga wasu sinadarai da ke yawo a cikin jini, waɗanda ake kira homon. Biyu daga ciki su ne jigo: isturojin, wanda ƙunshin ƙwai yake samarwa kafin ƙwan ya fito, da furojestaron, wanda rawayan gurbin da ƙwai ya bari yake samarwa. A taƙaice, isturojin gini yake sawa a yi, furojestaron kuwa tanadin abinci da tsare ciki.

9.3.2 Zangon Share Fage

Wannan zango yakan ɗauki kwana 9 bisa matsakaicin lissafi, amma yana iya gajarcewa zuwa kwana 3 ko ya kai 17. Isturojin yana ƙaruwa a jini. Gaban karya yakan kumbura, jini-jini ya riƙa ɗiga, karnuka su fara bin ta, ita kuwa ta riƙa korarsu da cizo ko ta zauna daɓas. A cikin mahaifa, ƙwayoyin shimfiɗa suna rarrabuwa suna yawaita, suna kuma ƙara tsawo. Naman tsakani yana shan ruwa ya kumbura, jijiyoyinsa su cika da jini har jajayen ƙwayoyin jini su riƙa silalowa ta bangon jijiyoyin su faɗa cikin mahaifa. Wannan shi ne asalin jinin da ake gani a waje. Abin lura a nan shi ne, tantanin ba zuba yake yi ba, ginuwa yake yi.

9.3.3 Zangon Karɓa

Shi ma yakan kai kwana 9 a matsakaici. A nan ne karya take tsayawa wa namiji, ta kau da wutsiyarta gefe. Ruwan da ke fita yakan dishe, ya rage ja. Wani homon da likitoci suke taƙaita sunansa da LH yakan yi tashin gwauron zabo daga wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, bayan kamar kwana 2 kuma sai ƙwai su fito. Karya ta bambanta da yawancin dabbobin gida ta fuska biyu: furojestaron yana fara hawa tun kafin ƙwai su fito, sannan ƙwan nata ɗanye yake fitowa, sai ya yi kwana 2 zuwa 3 a bututun ƙwai kafin ya nuna. A wannan lokaci kumburin tantani yana raguwa, matsattsafai suna ƙara zurfi. Maniyyin kare yana iya fakewa a cikinsu ya yi kwanaki da rai, yana jiran ƙwai ya nuna. Wannan ne ya sa ake iya samun 'yan kwikwiyo masu uba daban-daban a haihuwa guda.

9.3.4 Zangon Tanadi

Wannan zango yakan kai wata biyu, kuma furojestaron ne ke mulki a cikinsa. A makonnin farko matsattsafai suna yaɗuwa, su nannaɗe, su cika da wani ruwa mai gina jiki wanda shi ne abincin ɗan tayi kafin ya kafu. Idan an sami ciki, 'yan tayi sukan maƙale a tantani wajen mako na uku, mabiyiya ta kewaye kowannensu kamar ɗamara, a haihu bayan kimanin kwana 63 daga fitowar ƙwai.

Abin mamaki shi ne, ko da ciki bai shiga ba, rawayan gurbi ba ya daina aiki da wuri, mahaifa kuma tana ci gaba da shiri kamar mai ciki. Can a rabi na biyu na zangon, ƙwayoyin shimfiɗa sukan cika da ɗigon maiƙo, su kumbura, su yi kama da kumfa a ƙarƙashin madubi. Da yawa daga ƙwayoyin gindin matsattsafai kuma sukan mutu bisa tsari, jiki ya shanye su. Yayin da furojestaron ya faɗi, homon na nono mai suna furolaktin yakan tashi. Shi ya sa wata karyar takan yi nono, ta haƙa rami, ta riƙa tattara tsumma tana reno alhali babu komai a cikinta. Wannan shi ake kira cikin ƙarya.

9.3.5 Zangon Hutu

Daga waje ba a ganin wata alama, amma a ciki gyara ake yi. Ƙwayoyin nan masu kumfa suna saɓulewa, sababbi gajeru suna maye gurbinsu, matsattsafai suna tsukewa, tantani ya koma siriri. Gyaran yakan kammala kimanin wata huɗu bayan barbarar da ba ta kai ga ciki ba. Mahaifar da ta haihu kuwa takan buƙaci kamar wata uku bayan haihuwa. Zangon hutu yakan ɗauki wata huɗu ko biyar. Idan aka haɗa lissafi, yawancin karnuka mata sukan nemi barbara sau ɗaya a cikin wata 6 zuwa 7, ko da yake akwai jinsin Basenji na tsakiyar Afirka wanda sau ɗaya yake yi a shekara. Makiyayin Faskari zai ga bambancin nan take, domin saniya da akuya duk bayan kwana 21 suke dawowa, tunkiya kuwa bayan kwana 17.

9.3.6 Yadda Likita Yake Gane Zango

Ba sai an taɓa mahaifa ba kafin a san zangon da karya take ciki, domin ƙwayoyin bangon farji su ma suna bin umarnin isturojin. Likita yakan shafo su da auduga, ya shafa a gilashi, ya rina, ya duba. A zangon hutu ƙwayoyin ƙanana ne, kewayayyu, masu babbar cibiya. Yayin da aka doshi zangon karɓa sai su zama manya, shafaffu, masu kusurwa, cibiyarsu ta ƙanƙance ko ta ɓace. Ranar da ƙananan suka dawo kwatsam tare da fararen ƙwayoyin jini, ran nan aka shiga zangon tanadi, kuma idan da ciki, haihuwa takan zo bayan kimanin kwana 57. Stockard da Papanicolaou ne suka fito da wannan dabara a 1917 a kan wata dabbar gwaji, Evans da Cole kuma suka wallafa nazarinsu a kan karya a Jami'ar Kalifoniya a 1931.

9.3.7 Idan Tsarin Ya Karkace

Tsawon mulkin furojestaron yana da nasa haɗari. Yana rufe bakin mahaifa, ya kwantar da tsokarta, ya raunana garkuwarta, ga kuma ruwa mai gina jiki kwance a ciki. Idan aka maimaita haka shekara da shekaru, matsattsafai sukan kumbura su zama ƙuraje masu ruwa. Bakteriya, galibi irin ta cikin hanji, idan ta haura ta sami wannan wuri sai mahaifa ta cika da mugunya. Wani bincike da aka wallafa a 2001 a kan karnukan ƙasar Suwidin ya nuna cewa kusan ɗaya daga cikin huɗu na matan da ba a cire wa mahaifa ba sukan kamu da wannan ciwo kafin su cika shekara 10.

Alamomin sukan bayyana makonni kaɗan bayan barbara: kasala, ƙin abinci, yawan shan ruwa da fitsari, amai, kumburin ciki, wani lokaci da ruwa mai wari. Idan bakin mahaifa a rufe yake ba za a ga ruwan ba, sai mai karya ya zaci ciki ne, ya zauna jiran haihuwa har guba ta shiga jini dabbar ta mutu. Maganin da ya fi tabbas shi ne tiyatar cire mahaifa da ma'ajiyar ƙwai, kamar yadda ake yi a Asibitin Koyarwa na Likitancin Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Allurar homon da ake yi don hana barbara ko zubar da ciki tana ƙara haɗarin wannan ciwo, saboda haka ba a yin ta sai da shawarar likitan dabbobi.

Akwai kuma wata sankara da karnuka suke shafa wa juna wajen barbara, wadda ta yawaita a tsakanin karnukan da ke yawo sakaka. Takan tsiro a gaba kamar tsoka mai ɓurtsi-ɓurtsi, ta riƙa ɗigar da jini. Jinin da ya wuce mako uku bai tsaya ba, ko ya zo ba a lokacinsa ba, dalili ne na neman likita.

9.4 Nazarin Kalmomin Matani

Masanin Ingila Walter Heape ne ya tsara sunayen waɗannan zanguna a 1900. Tushen sunan da ya bai wa zangon karɓa, wato isturus, kalmar Girkanci ce mai nufin bobuwa, ƙudan nan da ke cizon shanu ya sa su gudun fitar hankali. Wannan ya nuna cewa su ma Turawa daga abin da makiyayi yake gani suka ɗebo kalmar. Babu abin da zai hana Hausa yin haka. Sunayen da aka yi amfani da su a matanin shawara ce, kuma ga hanyoyin da aka bi:

(i) Aro. Homon, isturojin, furojestaron, furolaktin da bakteriya duk ararru ne. An aro su ne saboda sunaye ne na abubuwa takamaimai da ɗalibi zai sake gamuwa da su a takardar magani. An daidaita su da tsarin gaɓar Hausa ta hanyar saka wasali tsakanin baƙaƙen da suka cunkushe, an kuma mayar da harafin da Hausa ba ta da shi zuwa f, kamar yadda aka yi a firamare da farfesa.

(ii) Ƙirƙira ta ɗafi. Matsattsafa, jam'i matsattsafai, ta fito daga aikatau tsattsafa tare da ɗafa-goshi ma- na wuri, a kan tsarin majema da mahauta da maɓuɓɓuga.

(iii) Faɗaɗa ma'ana. Tantani, cibiya, zango da reshe tsofaffin kalmomi ne da aka ɗora wa sabon aiki, saboda kamannin da ke tsakanin tsohuwar ma'anar da sabuwar.

(iv) Fassarar bayani. Ma'ajiyar ƙwai, rawayan gurbi, ƙwayoyin shimfiɗa da zangon share fage duk bayanin siffa ko aiki ne. Amfaninsu shi ne ɗalibi yana fahimtarsu tun kafin a yi masa sharhi. Illarsu ita ce tsawo.

9.5 Tarkunan Ma'ana

Tarko na farko shi ne kalmar haila. Mai fassara da ya ga an ambaci jini yakan yi saurin cewa karya tana haila. Wannan kuskure ne. Jinin haila yana zuwa ne a ƙarshen zagaye, bayan furojestaron ya faɗi tantani ya zube, kuma yana dawowa kusan kowane wata. Jinin karya kuwa a farkon zagaye yake zuwa, lokacin da tantani ke ginuwa. A ƙaddara wani mafarauci a Sheme da aka gaya wa cewa karyarsa haila take yi. Idan ba ya son ta ɗauki ciki gab da lokacin farauta, zai tsare ta har jini ya ɗauke sannan ya sake ta, alhali a daidai lokacin ne take karɓar namiji. Idan kuwa iri yake nema, zai iya yin sakaci da tunanin wata mai zuwa za ta sake, sai ya tarar da jiran wata shida a gabansa. Kalmar da ta dace ita ce jinin share fage, ko jinin barbara.

Tarko na biyu shi ne kalmar mahaifa, wadda Hausa take amfani da ita ga gaɓar da ɗa yake kwana, da abin da ke biyo bayan haihuwa, da kuma garin da aka haifi mutum. A rubutun kimiyya wajibi ne kowace kalma ta tsaya a kan ma'ana guda. Shi ya sa matanin ya keɓe mahaifa ga gaɓar, mabiyiya ga abin da ke biyo haihuwa.

Tarko na uku na rubutu ne. Karya ta macen kare da karya ta karya sanda rubutunsu ɗaya, karin sauti ne ya raba su: ta farko ƙasa-sama, ta biyu sama-ƙasa. Ƙarya kuwa lanƙwasa ce ta raba ta da su. Wanda ya yar da lanƙwasa ya rubuta cikin karya a maimakon cikin ƙarya ya juya ma'anar gaba ɗaya, ya mayar da ciwo ya zama juna biyu.

9.6 Kunya da Sakaya Zance

Bahaushe ba ya ambaton al'aura gatsal, kuma malami ba zai yi watsi da wannan tarbiyya ba. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a zaɓi kalmomin da malaman fiƙihu da ma'aikatan lafiya suka riga suka saba da su, irin su gaba da farji da maniyyi, a bar na kasuwa. Barbara ta dabbobi ce, ba a jingina ta ga mutum. Sakayawa tana da kyau matuƙar ba ta rufe ma'ana ba. Inda ɗalibi zai kasa gane wace gaɓa ake nufi, to sakayawar ta zarce iyaka.

9.7 Kammalawa

Wannan babi ya bi tantanin mahaifar karya zango-zango: ginuwa a share fage, shiri a karɓa, tara abinci da fara rushewa a tanadi, sai gyara a hutu. Ya kuma nuna cututtukan da ke biyo bayan karkacewar tsarin, da hanyoyi huɗu da aka bi wajen samar da kalmomi. Darasin da malami zai riƙe shi ne, fahimtar batu tana gaba da zaɓen kalma. Babi na gaba zai duba fassarar takardun faɗakarwa kan rigakafin ciwon haukan kare.

Tambayoyin Auna Fahimta

1. A kawo zanguna huɗu na zagayen haihuwar karya, tare da tsawon kowanne da homon ɗin da ya rinjaya a cikinsa.
2. A bayyana dalilai biyu da suka hana a kira jinin karya haila.
3. Me ya sa ciwon mugunyar mahaifa ya fi aukuwa a zangon tanadi?
4. A fito da kalmomi biyar daga matanin, a faɗi hanyar da aka bi wajen samar da kowacce.

Aikin Jinga

A tuntuɓi mafarauta ko makiyaya uku a garin da ɗalibi yake, a tattaro kalmomin da suke amfani da su wajen bayanin barbara da ciki da haihuwar kare da akuya da saniya. A duba kowace kalma a ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, sannan a rubuta shafi biyu a kan waɗanda suka cancanci shiga littafin kimiyya na makaranta.